Sai Na Gina Gida Na Sayi Mota Sannan Zan Ji Daɗin Aure?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malama. Ni matashi ne ɗan shekara 32 a Kano. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, da yamma kuma ina gyaran waya a shagon abokina. Shekara uku ke nan ina neman wata yarinya, iyayenta ba su ƙi ni ba. Amma duk wanda na tuntuɓa da maganar aure sai ya ce kada in kuskura sai na mallaki muhallina, na sayi ko ƙaramar mota ce, na haɗa lefe akwati shida, in ba haka ba wahala zan jefa kaina da 'yar mutane. Na sayi fuloti a bayan gari, ko harsashi ban tona ba. Yanzu ko barcin kirki ba na samu. Shin da gaske sai da waɗannan abubuwa ake zama cikin farin ciki, ko mu ne muka ɗora wa kanmu?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya sa wannan nema ya zama alheri a gare ku baki ɗaya. Idan na fahimce ka da kyau, so kake ka san jerin nan da aka miƙa maka, gida da mota da akwati shida, ko shi ne kuɗin sayen kwanciyar hankali, ko kuwa kuɗin rufe bakin mutane ne. Aikina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, kuma na daɗe ina zama da ma'aurata idan zamansu ya yi tsami, wani lokaci a ofis, wani lokaci a tsakar gidan iyaye. Da abin da bincike ya nuna da abin da idona ya gani zan amsa maka.

Inda masu ba ka shawara suka yi gaskiya

Ba na son ka tashi daga nan da tunanin cewa talauci abin ado ne. Babu tana cin rai, tana cin hankali. A 2013 wasu masana, cikinsu har da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, sun fitar da binciken da suka yi a kan manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. An yi musu gwajin kaifin tunani kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe bashi ya taru, aka sake yi musu bayan an biya su kuɗin rakensu. Mutanen dai su ne, amma abin da suka ci kafin girbi bai kai na bayan girbi ba. Lissafin yadda za a kai gobe ne ya mamaye musu kai. A yammacin Kenya kuma, da ƙungiyar GiveDirectly ta riƙa tura wa gidajen talakawa kuɗi ta waya ba tare da gindaya wani sharaɗi ba, binciken da ya fito a 2016 ya nuna damuwarsu ta ragu, jin daɗin rayuwarsu ya ƙaru.

Har a tsakanin masu hali ma kuɗi bai daina tasiri ba. A 2010 Daniel Kahneman da Angus Deaton sun duba amsoshin Amurkawa sama da 450,000, suka ce walwalar yau da kullum tana ƙaruwa da samun mutum har zuwa wajen dala 75,000 a shekara, daga nan sai ta tsaya. Matthew Killingsworth ya zo a 2021 ya ce shi bai ga inda ta tsaya ba. Maimakon su yi ta musu, sai shi da Kahneman suka zauna tare suka sake duba alƙaluman, a 2023 suka fitar da matsaya ɗaya: ga yawancin mutane walwala tana ci gaba da ƙaruwa da kuɗi, sai dai akwai wasu 'yan tsiraru da ke cikin ƙunci mai tsanani, irin na rashin masoyi ko ciwon damuwa, waɗanda ƙarin kuɗi ba ya musu magani idan sun wuce wani mataki. Abin lura a nan shi ne ninki ke aiki. Mai albashin naira 70,000 idan ya koma 140,000 rayuwarsa ta sauya. Mai miliyan biyu idan aka ƙara masa wannan dubu saba'in ɗin ko a jikinsa.

Kai kuma kana neman aure ne a lokacin da aka cire tallafin mai tun 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne, shi ma ba kowace makarantar kuɗi ke biyan sa ba. Duk wanda ya ce maka ka yi lissafi kafin ka ɗauko 'yar mutane, masoyinka ne. Matsalata da su ita ce abin da suka sa a lissafin.

Abin da ake sabawa da shi da abin da ba a sabawa

Ɗan Adam yana da saurin sabo da abin da ya mallaka. Sabon abu kamar turare ne: wanda ya shafa, bayan ɗan lokaci ba ya jin ƙamshinsa, sai na kusa da shi ke ji. A 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa sun tattauna da mutum 22 da suka ci manyan kuɗi a cacar tikiti a jihar Illinois, suka tarar ba su fi maƙwabtansu farin ciki da wani abin kirki ba, har ma ƙananan abubuwa irin su hira da aboki ko karin kumallo sun rage musu armashi. Mutum 22 ba su da yawa, kuma wani bincike mafi girma da aka yi a Suwidin, wanda ya fito a 2020, ya nuna waɗanda suka ci kuɗi masu yawa sun fi gamsuwa da rayuwarsu shekaru bayan haka. To amma ko a can, tasirin ya fi bayyana a gamsuwa da yanayin aljihu, ya yi ƙaranci a walwalar zuciya ta yau da gobe. Wato kuɗi ya fi iya cire ƙaya fiye da ya dasa farin ciki.

Shi ya sa nake ba mutane ma'auni guda idan suna shawarar kashe kuɗi: wannan abin, wata wahala da nake sha kullum zai ɗauke mini, ko kuwa gani za a yi a yaba? Akwai abubuwan da rai ba ya sabawa da su ko an shekara goma. Bashin da ake bin ka. Ciwon da ba ya warkewa. Doguwar tafiya zuwa wurin aiki safe da yamma. Faɗa a cikin gida. Kaɗaici. Duk kuɗin da ya rage ɗaya daga cikinsu ya yi aiki. Gwajin jini kafin aure, wanda jihar Kano ta mayar doka a 2024, bai kai kuɗin turmin atamfa mai tsada ɗaya ba, amma duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai sikila ya san wanne ya fi wani.

Bari in ba ka labarin wasu da aka kawo mini, aurensu bai cika shekara ba. Ƙorafin amarya shi ne miji ya canza, ya shigo ya kifa wayarsa a kan kujera, ba ya magana, da an yi sallama a ƙofa sai ya zabura. Ita ta gama yanke hukuncin wata yake nema. Na je gidan. Kujerun falo ko ledarsu ba a cire ba, kabad ɗin gilashi cike da tangaran da ba a taɓa cin abinci a ciki ba, akwatunan lefe a jere a saman sif, rabin kayan ko wurin tela ba a kai ba. Da muka keɓe da mijin sai ya buɗe mini wayar. Kayan lefen bashi ya ɗauko a kasuwa, da wa'adi ya yi sai ya ci bashin wata manhajar waya ya biya, ita kuma da ya makara sai ta fara tura saƙon tozarci ga lambobin da ke wayarsa, har da ta surukinsa. A can gidan su amarya kuwa mahaifiyarta adashi biyu ta ɗauka ga kuma kayan dillaliya, ta sayar da tumakinta duk da haka ba ta fita ba. Gidaje biyu sun rasa barci saboda falon da ba a zama a cikinsa. Babu wata budurwa a waje. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa an tambayi Annabi (SAW) dalilin da ya sa yake yawan neman tsari daga bashi, ya ce mutum idan bashi ya kama shi sai ya yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Hadisin yana cikin Bukhari, kuma na ga fassararsa a falon nan.

Maganar gida da mota

Nan ne na fi so ka tsaya ka yi tunani, don "gidan kaina" magana ce mai daɗi a baki, ba a cika bincikarta ba. Mallakar muhalli alheri ne, babu mai musu. Wanda mai gida ya taɓa ba shi takardar tashi ana saura wata guda azumi ya san darajarsa. Amma matashi mai albashinka, ina ne yake iya sayen fuloti a Kano yau? Sai can inda gari ya ƙare. Ya shekara biyar ko bakwai yana tara bulo, siminti na ƙara kuɗi yana bin sa a baya, ya kai linta ya tsaya, ya rufa ɗaki ɗaya ya tare. Sannan rayuwar ta fara: ya fita da asuba, adaidaita sahu biyu ko uku kafin ya isa makaranta, ya wuce shago, bai dawo ba sai bayan isha'i. Amarya tana nan ita kaɗai tsakanin kangwaye, babu maƙwabciyar da za ta leƙa, ruwa sai na 'yan ga-ruwa, wuta sai an gani, zuwa gidansu tafiya ce ta yini. Irin waɗannan amaren suna zuwa wurina da ciwon kai da faɗuwar gaba da kuka ba dalili, miji kuma yana mamaki, shi da ya ajiye ta a gidansa na kansa.

Masana tattalin arziki biyu 'yan Suwizalan, Alois Stutzer da Bruno Frey, sun duba bayanan Jamusawa na shekaru da dama, a 2008 suka nuna cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki sun fi ƙarancin gamsuwa da rayuwa, kuma gida mai kyau ko albashin da suka yi tafiyar dominsa bai cike musu giɓin ba. Jamus ke nan, inda jirgin ƙasa da titi suke da kyau.

Za a iya kawo maka hadisin da Ibn Hibban ya ruwaito daga Sa'ad bin Abi Waƙƙas, cewa abu huɗu suna daga cikin jin daɗi: mace ta gari, gida mai yalwa, maƙwabci na gari, da abin hawa mai daɗi. Hadisin gaskiya ne, kuma ya isa ya nuna addini bai hana son gida da abin hawa ba. Sai dai ka lura biyu daga cikin huɗun mutane ne, kuma maƙwabci na gari yana jere ɗaya da gidan. Ciki da falo na haya a unguwar da ake sallama a amsa, kusa da aikinka, kusa da 'yan uwanta, ya fi kusa da ma'anar hadisin nan a kan ɗaki ɗaya a daji mai takarda da sunanka. Mota kuwa, a farashin mai na yanzu, ga gareji ga takardu, wata iyali ce ta biyu da za ka riƙa ciyarwa. Idan babur ko adaidaita yana kai ka aiki, ba ta cikin abin da za a jira.

Lefe da kayan ɗaki

Lefe ba sharaɗin aure ba ne. Sadaki ne wajibi, mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari, kuma Annabi (SAW) ya ce wa wani sahabi ya nemo ko da zoben ƙarfe ne, ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da akuya ɗaya. Kowa ya san wannan, ana faɗa a kan mumbari, amma akwatuna sai ƙaruwa suke yi. Dalili shi ne lefe ba don amarya kaɗai ake yin sa ba. Ranar da aka kawo, a shimfiɗa tabarma, mata su kewaye, wata ta ɗaga atamfa ta juya bakinta ta karanta tambari, wata tana ƙirga leshi da shadda da mayafai, wata ta ɗaga waya tana ɗauka, kafin la'asar ya zaga dangi a WhatsApp. A da 'yar unguwa da 'yar unguwa ake gwadawa. Yanzu da 'yar gwamna ake gwada 'yar malamin firamare, don duk a waya ɗaya ake ganin su. Har ta kai gwamnati ke shiga tsakani: a Oktoban 2023 gwamnatin Kano ta ɗaura auren mutum 1,800 da amarensu, ta biya sadaki ta yi kayan ɗaki. Al'adar da sai hukuma ta sa hannu talaka zai iya ɗaukarta, ta fi ƙarfin masu ita.

Duk da haka kada ka je gidan surukai da wa'azi a baki. Mu mata mun san abin da maza ba su cika lura da shi ba. Lefe suturarta ce ta shekaru, kuma da shi take shiga cikin sa'o'inta ba tare da an yi mata gori ba. Kayan ɗaki kuma dukiyarta ce, ba ta miji ba. Tun zamanin da iyayenmu ke jera tasoshi da kwalla, ajiya ce: ranar da ciwo ya zo ko aure ya mutu, su take sayarwa ta tsaya da ƙafarta. Uwar da ta dage a kan kaya sau da yawa tsoro ne ke cin ta, ta ga yadda ake sako 'ya'yan mutane da goyo ba ko sisi. Idan kana son a rage, sai ka amsa wannan tsoron. Akwati biyu ko uku na kayan da za ta ɗinka ta sa, sauran kuɗin a saya mata ɗan kunnen gwal, ko keken ɗinki, ko a biya mata kuɗin makaranta, ko jarin da zai zama nata ita kaɗai. Wannan magana kuma ba kai za ka kai ta ba. Ka sami goggonka ko babbar yayarka mai hankali da iya baki, ta je ta zauna da mahaifiyar yarinyar su biyu, tun kafin a sa rana.

Akwai wani bincike da nake yawan ambata wa iyaye. Andrew Francis da Hugo Mialon na Jami'ar Emory a Amurka sun tambayi mutane sama da 3,000 da suka taɓa aure, sakamakon ya fito a 2015. Ba su ga alamar cewa biki mai tsada yana sa aure ya daɗe ba. A wasu rukunan ma kashe kuɗi da yawa ya zo tare da saurin rabuwa. Abin da ya zo tare da daɗewar aure shi ne yawan mutanen da suka halarta. Taro mai yawa, kashe kuɗi kaɗan: ɗaurin aure a ƙofar gida ko masallaci, goro da alawa da dabino, walima daidai ƙarfi. Abin da muka gada ke nan kafin a kawo mana dina a ɗakin taro.

Abin da ya fi nauyi a ma'auni

Bincike mafi daɗewa a kan wannan tambaya taka shi ne wanda Jami'ar Harvard ta fara a 1938. An bi rayuwar maza 724, wasu ɗaliban jami'ar, wasu yaran unguwannin talakawa na birnin Boston, tun suna samari har tsufa, yanzu ana bin 'ya'yansu. Abin da ya fi fitowa fili shi ne ingancin zaman mutum da na kusa da shi. Waɗanda suka fi gamsuwa da zamantakewarsu suna da shekara 50 su ne suka fi lafiya da walwala suna da shekara 80. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Aminci, lafiya, abinci. Abincin yana ciki, kada a manta, kuma ayar Suratun Nur da ta yi alkawarin Allah zai wadata matalautan da suka yi aure, ayar da ke bin ta cewa ta yi wanda bai sami hali ba ya kame kansa har Allah ya hore masa.

Saboda haka lissafin da zan so ka yi daban ne da wanda aka ba ka. Ka rubuta abin da ke shigo maka a wata mafi muni, ba wata mafi kyau ba. Ka cire haya, abinci, ruwa, gawayi ko gas, kuɗin abin hawa, abin da kake ba iyayenka, da ɗan abin da za a ajiye don asibiti da haihuwa. Idan ya ɗauka, ko da ƙyar, kuma za ka iya biyan hayar shekara da sadaki da lefe madaidaici ba tare da cin bashi ba, to a ganina ka isa aure. Idan bai ɗauka ba, jira ya zama dole, amma abin da za ka jira shi ne ƙaruwar samu, wataƙila ka mayar da gyaran wayar nan shagon kanka, ba ginin gida ba.

Inda maganata ta tsaya

Yawancin binciken da na kawo a Amurka da Turai aka yi shi, inda zumunci da nauyin dangi ba irin namu ba ne, kuma yana magana ne a kan jimillar mutane, ba a kanka kai ɗaya ba. Ni kuma waɗanda aurensu ya sami matsala ne ke zuwa wurina. Akwai waɗanda suka yi lefe akwati goma suna zaune lafiya, ba su da dalilin nemana. Game da barcin da ba ka samu, idan ya wuce mako biyu, ga rashin cin abinci, ga jin komai ya fita ranka, wannan ya wuce shawara a rubuce. Ka ga likita. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Sannan akwai mutum ɗaya da ba ka ambaci ra'ayinta ba a wasiƙarka. Ka faɗi abin da abokai suka ce, ba ka faɗi abin da ita ta ce ba. Shekara uku ba kaɗan ba ne a wurin budurwa, ita ma ana yi mata magana a gida. Idan ka je zance, ka gaya mata ainihin abin da kake samu a wata, ba tare da ƙari ba, ka tambaye ta unguwar da za ta iya zama, da abin da ba za ta iya haƙura da shi ba, da abin da take son yi da karatunta ko sana'arta. Idan ta ce ita sai gidan kai da mota, gara ka ji yanzu. Idan ta ce haya kusa da gida ta ishe ta, kun rage shekara biyar na jira.

Fulotin kuma kada ka sayar don ka yi lefe. Ka tabbatar takardunsa sun cika, ka kewaye shi ko da bulo layi biyu ne don kada a shigar maka, ka riƙa leƙawa. Idan gari ya isa wurin, aka ja wuta aka sami maƙwabta, sai ku fara ginin tare, ita ma ta faɗi inda take son a sa mata kicin. Allah ya sanya albarka.